Amiba Ba Tsutsar Ciki Ba Ce

Tambaya: Ɗana mai shekara 6 yana fama da atuni, jini da majina, yau kwana tara. A ɗakin gwaji nan Garwa an rubuta cewa an ga amiba a bayan gidansa. Mai sayar da magani a unguwarmu ya ce tsutsar ciki ce, ya ba mu albendazol. Ya sha sau biyu, jinin bai tsaya ba. Hankalina a tashe yake. Ko tsutsar ce ta fi ƙarfin maganin?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ki kai shi asibiti yau da takardar gwajin a hannunki, domin abin da ya sha ba maganin cutarsa ba ne.

Amiba mai sa atuni, Entamoeba histolytica, ƙwayar halitta ce guda tak. Ba ta da baki, ba ta da hanji, ba ta yin ƙwai, rabuwa biyu take yi ta yawaita. Tsutsotsi kuwa dabbobi ne marasa ƙashin baya, masu tsoka da jijiya, kuma su ma ba gida ɗaya suke ba. Askaris, doguwar tsutsar ciki wadda kan kai santimita 35, dangin kurkunu ce, zagayayyun tsutsotsi ke nan. Tsutsar tsargiya da yara kan ɗauko a bakin kogin Binuwai tana cikin masu faɗin jiki, maganinta kuma firazikwantel ne. A lissafin masana, askaris ta fi kusa da ɗan Adam fiye da yadda ta kusanci amiba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kusan kullum sai na tarar da wannan kuskure. Masu yawo da magani a kwali sun tattara duk abin da ke zaune a ciki sun sa masa suna tsutsa, ƙwaya ɗaya ce amsarsu ga kowa. Albendazol yana hana tsutsa shan abincinta har ta mutu, amma amiba ta riga ta huda bangon hanji tana cinsa, kuma duk kwanan da aka ɓata dama ce gare ta ta bi jini ta isa hanta ta tara mugunya. Na taɓa duba wani magidanci da ya yi makonni yana shan maganin tsutsa, ya zo dafe da haƙarƙarin dama, zazzaɓi na kaɗa shi. Da aka zuƙo mugunyar, launinta ƙasa-ƙasa ne mai kauri. Wanda ya sayar masa da ƙwayar bai taɓa leƙa madubin likita ba, amma shi aka fara tambaya, domin ya fi kusa kuma ba ya sa mutum layi.

Ita takardar ma ba ta gama magana ba. Tun 1925 wani masani ɗan Faransa, Emil Burumt, ya ce akwai wata amiba, Entamoeba dispar, wadda a madubin likita kamar an tsaga kara take da mai sa atuni, alhali ba ta cutarwa. Saboda haka likita zai duba ko bakteriyar shigela ce ke jawo jinin, ita ma maganinta daban. Idan amibar ce, metronidazol ake bayarwa gwargwadon nauyin yaro, sannan a bi da magani na biyu mai kawar da waɗanda suka ƙudundune cikin ɓawo a hanji, don kada cutar ta dawo. Kafin ku isa, ki riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, ki kuma tafasa ruwan shan gidan, domin kuloriyan da aka saba zubawa ba lallai ya kashe mai ɓawon ba.