Amsa: Kadanmu da na kogin Nilu iri ɗaya ne?

Malam, ka tambaya ko kadan da ke Afirka ta Yamma shi ne na kogin Nilu. A'a, ba shi ba ne, ko da yake an daɗe ana ɗaukarsu ɗaya. Binciken ƙwayoyin halitta na 2011 ya raba su. Abin mamaki ma, na Nilu ya fi kusanci da kadojin nahiyar Amurka a kan namu. Masana na ganin kakannin kadojin Amurka sun ƙetare tekun Atlantika ne daga Afirka.

Namu ya fi ƙanƙanta, kuma bai kai na Nilu faɗa ba. Shi ne a tafkunan Paga a Ghana, har da ragowarsa a duwatsun Ennedi a Chadi, tun zamanin da Sahara ke da ruwa.