Filin Tambaya da Amsa: Ɗaura Maɗaurin Fata a Bonet ɗin Tsohuwar Mota

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da motar Ingila, MGB ƙirar 1967, kuma bonet ɗinta yana rawa idan na taka ta a babban titi. Na sayi maɗaurin fata guda biyu, amma ina tsoron huda jikin motar. Yaya ake ɗaura su? Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taɓa dirila, gyara makullin bonet ɗin. Bonet ɗin MGB ta gaba yake buɗewa, don haka idan makulli ya sake kana gudu, iska za ta ɗaga shi ta maka shi a gilashi. Maɗauri mataimaki ne kawai. Duba sifirin, ƙugiyar tsaro da robobin da bonet yake zama a kai. Yawanci rawar daga nan take.

Wannan ado yana da asali. A 1955 motar Austin-Healey 100M ta fito da maɗaurin fata tun daga masana'anta, motocin tsere na Ingila na zamanin ma da shi aka san su.

To, aikin. Rufe bonet ya kulle sosai, ka manna salatif na takarda a kusurwoyin gaba biyu, a kan bonet da kuma jikin motar da ke kusa. Haɗa maɗaurin a ramin tsakiya na jikin fatarsa, ka shimfiɗa shi miƙe, ka yi alama. Auna daga tsakiyar bonet zuwa kowace alama har su zo daidai, domin bambancin milimita 5 ma ido yana kama shi. Sannan buɗe ka leƙa ƙasa. Nan mutane suke yin ɓarna: a ƙarƙashin akwai ƙarfen ƙarfafawa, akwai wayoyin fitila, kuma dole yatsa ya iya kaiwa wurin don riƙe noti. Idan alama ta faɗa inda hannu ba ya shiga, matsar da ita.

Fara huda da bakin dirila na milimita 2.5, ka faɗaɗa zuwa 5.5 idan bol ɗinka M5 ne, wato mai kaurin milimita 5. Tara katako a baya, ka huda a hankali. Bonet ɗin MGB ƙirar 1967 na alminiyam ne, yana lotsawa da ɗan dannawa. Goge bakin ramin, ka shafa fenti mai hana tsatsa, ka bari ya bushe.

Kada ka yi amfani da sukurun da ke cin ƙarfe da kansa. Girgiza za ta buɗa ramin ya fita. Sa bol, washa mai faɗin milimita 20 a ciki, da noti mai roba a baki. Tsakanin bol da alminiyam sa washar roba, in ba haka ba danshi zai sa ƙarafan biyu su ci juna, fenti ya kumbura. Ɗaure har fata ta zauna, kada ka matse ta ta tsage. A ƙarƙashin kan maɗaurin kuma a sa ƙyallen fata mai laushi don kada ya kankare fenti.

TAMBAYA: Baduku zai iya ɗinka mini irinsa?

AMSA: Ƙwarai, amma da fatar saniya mai kauri milimita 3.5 zuwa 4, faɗi milimita 25 zuwa 32. Fatar akuya, duk kyanta, tana miƙewa. Sabuwar fata ma tana ɗan saki, shi ya sa ake farawa daga ramin tsakiya. Zafin inji da hunturu suna busar da ita, sai a riƙa shafa man fata kaɗan. Baƙin mai kuwa ɓata ta yake yi.