Amsa: igiyar sauke reshen dogon yaro

Malam, ka ce reshen dogon yaro ya haye kan soronka a Birni, kana tambayar igiyar da za ka sauke shi da ita. Ka manta da igiyar kaba, ɗanyen reshe ya fi ƙarfinta. Ta nailan kuma miƙewa take, reshen sai ya yi lilo ya daki katanga. Nemi ta foliyesta mai kauri, wadda rana ba ta ci ba.

Rataya ta a gwafar da ke sama da reshen, ka ɗaure reshen da ƙarshenta ɗaya, ka naɗa ɗayan sau 2 ko 3 a gindin itacen, mai riƙo ya dinga saki a hankali. Fara sara ta ƙasa, sannan sama, guntu-guntu. In wayar kuran na kusa, kira kamfanin kuran, NIGELEC, tukuna.