Filin Tambaya da Amsa: Shin Sabuwar Indomi Za Ta Dawo wa Tsohuwar Mota da Ƙarfinta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da mota ƙirar Toyota Corolla ta 2005, wadda na saya ta hannu, kuma ta ci kilomita fiye da 260,000. Kimanin wata uku ke nan ƙarfinta ya ragu. Idan na zo hawa tudu ko zan wuce babbar mota, sai in danne totur ta yi ta nishi ba ta gaba, ga shan mai ya ƙaru, ga fitilar gargaɗi ta inji a kunne. Bakanikena ya ce indomin salansa ce ta toshe, ya ba ni zaɓi biyu: ko a fasa ta a kwashe abin da ke ciki a mayar da gwangwanin, ko in sayi wata. Wanne ya fi, kuma shin sabuwa za ta ƙara wa motar gudu? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, bari in fara da tambayarka ta ƙarshe: sabuwar indomi ba ta ƙara wa inji ƙarfin da ba a ƙera shi da shi ba. Abin da za ta yi maka shi ne ta dawo da ƙarfin da toshewa ta ƙwace, in har toshewar ce matsalar, kuma wannan sharaɗin shi ne ya kamata a tabbatar kafin ka taɓa aljihunka.

Abin da ake kira indomi a garejinmu matatar hayaƙi ce da ke tsakanin inji da tukunyar salansa. A cikin gwangwaninta akwai wani dunƙulen tangaran mai kama da saƙar zuma, mai dubban ƙananan ramuka, wanda kamarsa da busasshiyar taliya ta sa aka laƙaba masa wannan suna. An shafe bangon ramukan da ƙarafa uku masu tsada, wato filatinom da faladiyom da rodiyom, waɗanda idan suka ɗauki zafin da ya kai digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyas sukan fara juyar da gubar hayaƙi, irin su kabon monoksaid da ɗanyen fetur ɗin da bai ƙone ba, zuwa tururin ruwa da iskar da ba ta kai su illa ba. Motocin Amurka sun fara fitowa da ita a 1975, a Turai kuma ta zama tilas ga sababbin motocin fetur a farkon shekarun 1990, saboda haka kusan duk motar da ta shigo mana ta Legas ko ta Kwatano da ita ta baro ƙasarta.

Indomi ba ta da wani abu mai juyawa da zai goge ya ƙare, don haka ba kasafai tsufa kaɗai ke kashe ta ba. Yawanci inji ne yake kashe ta. Idan fulogi ko kwayil ya mutu, ko nozul yana zuba, fetur ɗin da bai ƙone a inji ba yakan gangaro ya ƙone a cikinta, zafi ya wuce ƙima har tangaran ɗin ya narke ya manne. Idan inji yana shan baƙin mai, ko gasket ya ƙone ruwan lagireto yana shiga, tokarsu takan rufe ramukan sannu a hankali. Faɗawa rami da ƙarfi, ko kutsawa cikin ruwa a damina alhali tana da zafi, kan tsattsaga ta. Na taɓa ganin wadda aka ciro daga wata tsohuwar mota aka ajiye a kan benci: fuskarta ta narke ta yi ƙulli-ƙulli kamar ƙanzon tukunya, da muka ɗaga ta ga rana ko ɗigon haske bai ratsa ba. Mai motar ya yi wata biyu yana yawo da fulogi ɗaya a mace. Wanda ya sa sabuwa bai gyara abin da ya kashe tsohuwar ba, yana iya sake sayen wata ba da daɗewa ba.

Alamun da ka lissafa sun yi kama da na toshewa, domin injin da hayaƙinsa ba ya samun mafita ba ya iya shaƙar sabuwar iska, amma famfon mai da ya raunana ko matatar iska da ƙurar hunturu ta cika su ma sukan kawo irin wannan nishi. Ka sa a jona motar da kwamfuta, domin motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da wurin jonawar. Lambar P0420 tana nufin indomi ba ta tace hayaƙi yadda ya kamata, amma ba ta nufin lalle ta toshe, kuma ɓular salansa ko lalacewar sensar baya, wato na'urar auna hayaƙi da ke bayan indomi, kan iya jawo ta. Lambobin P0300 zuwa P0304 kuwa suna nuna akwai silindar da ba ta ƙona mai. Gwajin da ya fi raba gardama shi ne a kwance sensar gaba, wadda ke tsakanin inji da indomi, a ɗaura ma'aunin matsin iska a gurbinta, a ɗaga inji zuwa juyi 2,500 a minti ɗaya. Matsin da ya wuce PSI 3 a kan ma'aunin shaida ce ta toshewa. Inda babu ma'auni, a kwance sensar a yi 'yar gajeriyar tafiya, in ƙarfi ya dawo an gano mai laifi. Idan kuma aka bubbuga gwangwanin bayan ya huce aka ji kacau-kacau kamar tsakuwa a gora, to, cikin ya farfashe.

Shawarar a fasa a kwashe ba zan ba ka ita ba. Gaskiya ne motar za ta sake, tunda an buɗe wa hayaƙi hanya, amma fitilar gargaɗi za ta zauna a kunne har abada, ranar da wata matsala ta gaske ta taso ba za ka sani ba. Hayaƙin zai riƙa fita da gubarsa, kuma kabon monoksaid ba shi da wari ba shi da launi, shi ne dai wanda ke halaka masu kwana da janareta a ɗaki. A tsohuwar motar da salansarta ke yoyo yana iya shigowa inda kai da iyali kuke zaune. Sannan ka tambayi kanka ina abin da aka kwashe zai tafi. A watan Maris na 2021 farashin oza ɗaya na rodiyom, wato kimanin giram 31, ya haura dala 25,000, kuma ko da yake ya faɗo sosai daga baya, har yanzu 'yan gwangwan suna sayen matacciyar indomi da daraja. Ba na zargin bakanikenka, amma tsohuwar taka ce, ka karɓe ta ka sayar da hannunka ka rage kuɗin sabuwa.

Wajen saye, ta kamfanin motar ta fi kowacce inganci da tsada. Ta Beljiyam da ake samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas za ta iya yin aiki, muddin ka haska tocila ta baki ɗaya ka ga haske ya fito ta ɗayan, ka girgiza ba ka ji motsi ba, kuma babu alamar an yanka gwangwanin an sake yi masa walda. Sabuwa mai arha wadda aka ce tana shiga kowace mota, ƙarafan da aka shafa mata kaɗan ne, sau da yawa ba ta daɗewa fitilar ke sake kamawa. Ruwan wanke indomi da ake zubawa a tanki yana iya rage ɗan baƙin hayaƙin da ya taru, amma ba ya gyara tangaran ɗin da ya narke.

Ranar da za a ɗaura, ka tsaya a wurin. A fara canza fulogi da duk kwayil ɗin da ya mutu, a sa sabon gasket a mahaɗar bututu, a kwance sensa kafin mai walda ya kunna wuta kusa da ita, a goge tsofaffin lambobin da kwamfuta, sannan ka dawo bayan tafiyar mako guda a sake jonawa a ga ko P0420 ta dawo.