Tsakanin Cancanta da Dacewa

Wata malamar firamare daga Zariya ta aiko da tambaya biyu a haɗe. Ɗalibinta ya rubuta "Audu ya cancanta kyauta", kunnenta ya ƙi karɓa, amma ta rasa dalilin da za ta ba shi. Ta kuma tambaya ko "cancanta" da "dacewa" abu ɗaya ne.

Malama, kunnenki ya yi gaskiya. Aikatau "cancanta" ɗan gida ɗaya ne da "saya" da "karɓa", waɗanda masana nahawu ke sakawa a aji na biyu. Wasalin ƙarshe yana canzawa gwargwadon abin da ya biyo baya. Muna cewa ya sayi doki, ya saye shi, ya saya. To haka nan: Audu ya cancanci kyauta, ya cancance ta, ya cancanta. Ki sa yaron ya gwada cewa "na saya doki" da bakinsa, zai ji tuntuɓen da kansa.

Tambaya ta biyu ta fi daɗin zama a kai. Cancanta waiwaye take yi, tana duban gumin da mutum ya zubar ko ɓarnar da ya tafka. Shi ya sa ba alheri kaɗai take ɗauka ba: ɓarawo ya cancanci hukunci kamar yadda gwani ya cancanci yabo. Dacewa kuwa ba ruwanta da gumi. Hula ta dace da riga, amarya ta dace da ango, kuma in aka ce wane ya yi dace, sa'a ake nufi. Wanda ya tsinci kuɗi a hanya ya dace, bai cancanci komai ba. Ki lura kuma "dace" tana jan "da" a bayanta, "cancanta" ba ta ja. Nakan ji "ya cancanta da muƙamin" a bakin wasu masu labarai, kuma abin yana sosa mini kunne.

Bahaushe ya rarrabe abin da ake cancanta ɗin ma. Ma'aikaci lada, dillali la'ada, yaron da aka aiko da akushin tuwo tukwici, shi ya sa ake cewa yaba kyauta tukwici. Idan aka karɓi lada kafin aiki, nauyi ya hau wuya, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

In kuma sakamako ya ɓace hanya, ya faɗa hannun wanda bai cancanta ba, akwai karin maganar da ta fito daga wasan kura: kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Kurar ce a ɗaure da takunkumi, ita ake zagayawa da ita kasuwa-kasuwa, ita jama'a ke taruwa kallo, amma aljihun gardi ake cikawa. Ki ba ɗalibanki wannan karin magana su gina jimla da "bai cancanci" a ciki.