Hukuncin sallar masu kilisa da za su kwana a daji

Tambaya: Malam, mu goma sha biyu ne masu hawan kilisa. Mun shirya tafiya a kan dawakai daga Kano zuwa Daura, muna yada zango a hanya. Za mu yi ƙasaru? Kuma wani ya ce ba a salla da kayan da aka hau doki da su.

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Tafiyar ƙasaru a mazhabar Malikiyya mil 48 ce, kimanin kilomita 80, zuwa kawai ban da dawowa, kuma Kano zuwa Daura ta haura haka. Za ku fara da zarar kun wuce gidajen gari. Idan kun yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya, sai ku cika.

Amma akwai abin da nake so ku tsaya a kansa. Shehu Halilu a littafinsa na fiƙihun Malikiyya, Mukhtasar, ya cire mai tafiyar wasa zalla daga waɗanda ƙasaru ta zama sunna a gare su, masu sharhi suka ce makaruhi ce a kansa. To kilisa wasa ce? A fahimtata ya danganta da abin da ya fitar da ku. Hadisin Uƙuba ɗan Amir da Tirmizi ya ruwaito ya ware horar da doki daga wasan banza. Wanda ya fita don horar da dabbarsa, ya ƙarfafa jikinsa, ya sada zumunci, ya yi ƙasarunsa. Wanda bai da buri sai a ɗauke shi bidiyo yana sukuwa, ya gyara niyya kafin ya sa ƙafa a likkafa.

Farilla ba a yinta a kan sirdi sai da larura, kamar tsoron ɓarayi ko ciwon da ya hana sauka. Nafila da wutiri kam sun halatta, duk inda dokin ya fuskanta, kamar yadda Ibnu Umar ya ruwaito. Kuna iya haɗa azahar da la'asar idan tafiya ta miƙa.

Maganar kaya kuwa, ɗan'uwanku ya faɗaɗa ta. Gumin doki da yawunsa masu tsarki ne. Wandon da ya jiƙe da gumi daga jalala, wato shimfiɗar sirdi, ba ya hana salla. Fitsarin doki da kashinsa ne najasa a mashahurin zancen mazhaba, don ba a cin namansa. Kowa ya ware tufafin salla a jaka, kuma a shimfiɗa tabarma nesa da turke.

Idan ruwa ya yi ƙaranci har kuka ji wa dawakan tsoron ƙishirwa mai cutarwa, ku shayar da su, ku yi taimama. Ina jaddada wannan domin na taɓa ganin doki an ɗaure shi a rana da majayi, wato ɗamarar sirdi, a matse, bakinsa na kumfa, mai shi yana can inuwa. Anas ya ce su sahabbai idan sun sauka a masauki ba sa nafila sai sun sauke wa dabbobi kaya.

Ku naɗa shugaba ɗaya, kamar yadda hadisin Abu Dawuda ya umarci mutum uku matafiya. Kada ku kafa tanti a kan hanya, ku kashe wuta kafin barci, kada ku saki dawaki cikin gonar mutane. Ku kuma bincika lafiyar hanyar wajen masu unguwanni da jami'an tsaro. In an ce akwai haɗari, ɗage tafiyar ya zama dole. Wallahu a'alam.