Me ya sa fayil ɗaya ke buɗewa daban-daban a kwamfutoci biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, mu uku muke haɗa furojet da yaren kod na Python. Idan na buɗe fayil ɗinmu a VS Code layukan a jere suke, amma abokina mai amfani da Vim sai ya gan su a karkace, har Python ya ƙi aiki ya ce TabError. A kwamfutar na ukunmu kuma harafin "ƙ" ya koma "Æ™". Wai ta yaya edita, wato manhajar rubuta kod irin su VS Code da Vim, yake sanin yadda zai buɗe fayil?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Fayil ɗin kod rubutu ne zalla, ba kamar takardar Word ba ce da ke ɗauke da tsarinta a jikinta. Don haka duk edita sai ya nemi alamu, inda bai samu ba ya yi hasashe, kuma kowanne da irin nasa hasashen.

Abin da ya fi sauƙi shi ne gane yaren da aka rubuta kod ɗin da shi. Ƙarshen suna kamar .py ko .c ya wadatar, in babu shi sai a duba layin farko, irin #!/usr/bin/env python3.

Maganar haruffa ce ta fi damuna, domin ta fi shafar mu masu rubuta Hausa. A UTF-8, wato tsarin da ke mayar da haruffa zuwa lambobin da kwamfuta ke adanawa (bayit), "ƙ" bayit biyu ce, C6 da 99. Editan da ya ɗauka fayil ɗin na tsohon tsarin Windows-1252 ne zai karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa, shi ne ka ga Æ da ™. Haka "ɗ" da "ɓ" suke lalacewa. Wasu fayiloli suna farawa da bayit uku, EF BB BF, waɗanda ke shaida UTF-8 ne, amma yawancin kod ba ya da su. Ku kula sosai: kada ɗan'uwanku ya adana fayil ɗin yana cikin wannan hali. Ya sake buɗe shi da UTF-8 tukuna.

Karkacewar layi kuwa daga haɗa tab da sifes (space) ta fito, wato maɓallai biyu da ake barin gurbi da su a farkon layi. VS Code yana leƙa cikin fayil ya kimanta wanne aka fi amfani da shi, ta hanyar saitin editor.detectIndentation, sannan yakan nuna tab da faɗin gurbi 4. A Vim asalin faɗin tab gurbi 8 ne. Idonka ya ga layi a daidai, amma a ƙasa cakuɗe ne, kuma Python 3 ba ya yarda da wannan cakuɗen.

Akwai hanyar rubuta saitin a cikin fayil ɗin kansa. Vim yana duba layuka 5 na farko da 5 na ƙarshe yana neman abin da ake kira modeline, misali:

# vim: set ts=4 sw=4 et :

Editan Emacs shi kuma yana karanta abin da ke tsakanin alamomin -*- biyu a layin farko, ko sashen Local Variables a cikin haruffa 3000 na ƙarshen fayil. Sai dai ban cika ba ɗalibai shawarar dogara da wannan ba. Na farko, VS Code ba ya karanta su da kansa. Na biyu akwai haɗari: a 2019 an gano ɓaraka mai lamba CVE-2019-12735, inda buɗe fayil kawai a Vim ko Neovim (edita da ya samo asali daga Vim) zai iya sa kwamfuta ta zartar da umarnin wani mugu. An toshe ta a Vim 8.1.1365, amma tsarukan Linux na Debian da Ubuntu sukan zo da modeline a kashe. Ka rubuta layin, abokinka ya buɗe, babu abin da ya canza.

Abin da nake so ku yi shi ne ku ajiye fayil mai suna .editorconfig a babbar foldar furojet ɗin, da waɗannan layuka:

root = true
[*.py]
indent_style = space
indent_size = 4
charset = utf-8
end_of_line = lf

Edita zai fara nemansa daga foldar da fayil yake, ya yi ta hawa sama har ya tarar da root = true. Neovim yana gane shi kai tsaye tun siga ta 0.9, VS Code kuma sai an saka masa ƙarin manhajar EditorConfig. Idan kuna da Makefile, wato fayil ɗin umarnin haɗa kod, ku ware masa nasa sashen da tab, domin shi dole tab yake so.

Wannan ba zai gyara tsofaffin layukan da suka riga suka cakuɗe ba. Mutum ɗaya a cikinku ya buɗe su a VS Code, ya zaɓi Convert Indentation to Spaces, ya gwada kod ɗin, sannan ya tura wa sauran ta Git, manhajar adanawa da raba kod.